Inna da Inanna

Akwai wani shiri na tarihi da al'adu da nake gabatarwa daren Laraba a gidan rediyon da nake aiki a Maraɗi, inda ake buɗe wa masu sauraro layi bayan rabin awa. Wani dare muna zancen sarautun mata na ƙasar Hausa, Inna ta Gobir da Iya ta Maraɗi, sai wani dattijo ya bugo waya. Tsohon mushen lakwal ne da ya yi ritaya, ya saba kiranmu, kuma ba ya zuwa da maganar banza.

Ya ce, "Ɗana, ka san Inna?"

Na ce, "Baba, wacce daga ciki?"

Ya ce, "Ta ƴan bori. To ka je ka bincika. Mutanen Iraƙi na dā suna da allahiya mai suna Inanna. Inna, Inanna. Daga ina aka ce Bayajidda ya taso? Bagadaza. Sauran kai ne ɗan jarida, ka ƙarasa lissafin."

Na yi dariya irin ta wanda ba shi da amsa, na yi masa godiya, na sa kiɗa. Amma maganar ta bi ni gida, ta kuma sa ni karatun da ban yi niyya ba. Kafin in shiga ciki, tarihi nake kawowa, wato abin da mutane suka ɗauka gaskiya a zamaninsu. Wanda ya karanta sira ya san malaman farko ba su ji nauyin rubuta sunayen gumakan Larabawa ɗaya bayan ɗaya ba, har Ibn al-Kalbi ya ware musu littafi guda.

Bari in fara da ita Inannar. Garinta Uruk, kangon da ake kira Warka a kudancin Iraƙi ta yau, kuma sunanta yana cikin rubuce-rubucen farko da ɗan Adam ya yi a kan allunan yumɓu, wajen shekara 3000 kafin Miladiyya. Sumeriyawa da kansu sun fassara sunan da "uwargijiyar sama". Abu uku aka santa da su: sha'awa tsakanin mace da namiji, yaƙi, da tauraruwar nan mai haske da ke fitowa wani lokaci da asuba, wani lokaci da magariba. Mu ma wannan tauraruwa suna biyu muka ba ta. In ta raka wata da almuru sai mu ce Zara matar wata, in ta riga rana fitowa sai mu ce gamzaki, kuma da yawa cikinmu har yau ba su san abu ɗaya ba ne. Girkawa ma sun daɗe suna kiranta da suna biyu kafin su gane. Mutanen Iraƙi sun gane da wuri, suka kuma ɗora wa allahiyarsu wannan hali na fuska biyu.

Wajen 2300 kafin Miladiyya, Sarki Sargon na Akkad ya haɗe biranen yankin ƙarƙashin mulki ɗaya. Mutanensa harshensu daban ne, ɗan'uwan Larabci da Ibrananci, kuma suna da tasu mai suna Ishtar. Sai aka haɗe su biyun. Sargon ya naɗa ɗiyarsa Enheduwanna shugabar masu hidimar ɗakin bauta na birnin Ur, kuma waƙoƙin yabon Inanna da ake jingina mata su suka sa ake lissafa ta a matsayin marubuciya ta farko da tarihi ya riƙe sunanta. Siyasa ce ƙarara: masu nasara da waɗanda aka ci da yaƙi su durƙusa a gaban abu ɗaya, kowa ya kira shi da harshensa.

Tushen sunan Ishtar ya bazu ko'ina cikin dangin harsunan nan, amma bai tsaya a kan siffa ɗaya ba. A Yaman ta dā akwai Athtar, shi ma na wannan tauraruwa, sai dai namiji ne. A gaɓar Labanan, biranen Sidon da Taya, mace ce, Astarte. Finikiyawan nan fataken teku ne, duk inda suka kafa zango sai sun kafa mata ɗaki. A tsibirin Kubrus suka haɗu da Girkawa, kuma daga nan ne mafi yawan masana suke ganin Afrodit ta Girkawa ta samo kamanninta. Su kansu Girkawan ba su ɓoye ba. Herodotus, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ce ɗakin bautarta mafi tsufa yana Askalan, a gaɓar Falasɗinu, kuma Finikiyawa ne suka gina na tsibirin Kitera. A kan hanya ta yar da yawancin kayan yaƙinta, duk da cewa a Kitera da Sparta an ci gaba da sassaƙa ta da makami. Da ta isa Rum sai aka yafa mata sunan wata allahiyar gida, Venus, har Yuliyas Kaisar ya ce daga zuriyarta gidansu ya fito, ya gina mata ɗaki a 46 kafin Miladiyya.

Yanzu duk yaron da ya zauna a benci a lakwal a Nijar ya rubuta vendredi a saman allo ranar Juma'a, sunan Venus ya rubuta, don ma'anar kalmar ke nan, ranar Venus. Mardi ta Mars ce, mercredi ta Merkur, jeudi ta Jupita. Ranakunmu na Hausa sun tsira daga wannan don ƙidaya ce kawai muka aro daga Larabci, Lahadi ɗaya, Litinin biyu, har Alhamis biyar. Amma watannin Bature sun kama mu: Janairu daga Janus mai fuska biyu, Maris daga Mars na yaƙi, Yuni daga Juno. Ni da kaina nakan faɗe su a labarai kowace safiya.

To mai karatu ya duba wannan doguwar tafiya, daga Inanna zuwa Ishtar, zuwa Astarte, zuwa Afrodit, zuwa Venus. A nan ne ake da hujjar cewa abu ya yi tafiya daga hannu zuwa hannu, kuma a nan ɗin ne babu ko harafi ɗaya na "Inanna" da ya isa Rum. Sunan shi ne abin da ya fara faɗuwa a hanya.

Kuma hujjar da nake faɗa ta gani da ido ce. A 1964 masu haƙa sun tono wasu faranti uku na zinariya a Pirgi, tsohuwar tashar jiragen ruwa a arewa da birnin Rum, na wajen shekara 500 kafin Miladiyya. Biyu da harshen Eturuskawa, ɗaya da Finikiyanci, duk suna bayanin kyautar da sarkin yankin ya yi wa allahiya ɗaya. A Finikiyanci an rubuta Astarte, a ɗaya harshen an rubuta Uni, wadda ita ce Juno ta Rumawa, matar babban allansu. Ka ga ke nan Astarte ɗin da ta zama Afrodit a Kubrus, a Italiya wata ta zama daban. Ya danganta da wanda ta tarar a masauki.

Me ya sa mutanen dā suka damu da wannan fassara? Babban dalili shi ne rantsuwa. In Bafinike da Bagirke za su ƙulla ciniki, ko sarakuna biyu za su yi sulhu, dole kowa ya rantse da abin da yake tsoro, kuma dole ɗayan ya yarda cewa abin yana da nauyi daidai da nasa. Yarjejeniyar da Fir'auna Ramsis na biyu ya yi da Hittiyawa wajen 1259 kafin Miladiyya ta kira allolin ɓangarorin biyu, dubu nan dubu can, su zama shaidu. Magatakardan Babila har ƙamus suka yi, sunan Sumeriyanci a layi ɗaya, takwaransa na Akkadiyanci a ɗaya layin, kamar yadda ɗan canji yake jera sefa da naira.

Larabawa ba su fita daga wannan kasuwa ba. Herodotus ya ambaci wata da suke bauta wa mai suna Alilat, ya ce ita ce Afrodit ta sama. Lata ke nan, wadda ɗakinta yake Ɗa'ifa har zuwa lokacin da garin ya musulunta aka rushe shi. Amma a Tadmur ta Siriya an sassaƙa Lata da hular ƙarfe da garkuwa, sak Atina ta Girkawa, har ɗan Sarauniya Zanubiya, Wahbullat, wato kyautar Lata, ana rubuta sunansa da Girkanci Atenodoros, kyautar Atina. Shi kuwa Hubal, malaman sira sun ce Amru ɗan Luhayyu ne ya ɗauko shi daga Sham ya kawo Makka. Ashe labarin gunki baƙo da ya zama ɗan gari mun daɗe da saninsa tun a makarantar zaure.

Akwai kuma akasin wannan, inda suna yake tsayawa fuska ta yi ta sauyawa. Amun na Masar ma'anar sunansa "ɓoyayye". Babban garinsa Tebes ne, Luksor ta yau. Da sarakunan garin suka mallaki Masar duka wajen shekara 2000 kafin Miladiyya, sai ya hau tare da su, aka haɗa shi da Ra na rana ya zama Amun-Ra, sarkin alloli. Da rundunar Masar ta kutsa kudu har dutsen Barkal a Sudan ta yau, aka ce ai nan ma gidansa ne, a can kuma aka fi sassaƙa shi da kan rago. Bayan ƙarnuka, da Masar ta raunana, sarakunan Kush na Sudan suka ɗauki wannan Amun ɗin da aka kawo musu da takobi suka mai da shi nasu. Sarki Piye ya hau arewa ya ci Masar wajen 728 kafin Miladiyya yana cewa shi ne mai kare Amun na gaskiya. A yamma kuma, a dausayin Siwa kusa da iyakar Libiya, Girkawa suka tarar da shi suka ce Zeyus ɗinsu ne, suka yi masa fuskar Bagirke mai gemu da ƙahon rago. Iskandar na Makidoniya ya keta hamada ya je wurinsa a 331 kafin Miladiyya, bayan mutuwarsa aka buga kuɗi da hotonsa da ƙahonnin nan. Suna ɗaya, amma manomin Tebes da sarkin Napata da sojan Girka ba abu ɗaya suke gani ba in sun ambace shi.

Masarawa sun san nauyin suna. Da Fir'auna Akenaton ya juya wa Amun baya wajen 1350 kafin Miladiyya, ma'aikata ya tura da kurfi su bi bango bango suna kankare sunan. Bayansa aka komo da shi, yaron da aka haifa Tutankaton ya koma Tutankamun.

Na Babila ya fi kowa fito da siyasar a fili. Marduk ƙaramin abin bauta ne na ƙaramin gari kafin zamanin Hammurabi. Da garin ya ƙasaita, sai aka tsara labarin halitta da ake karantawa a bikin sabuwar shekara, wanda ya ƙare da sauran alloli suna jera masa sunaye 50. Yawancin sunayen nan na wasu alloli ne da dā suke cin gashin kansu, kuma 50 lamba ce ta Enlil, tsohon shugaban allolin ƙasar. Duk wanda ya san yadda sarki yake ƙwace tamburan wanda ya ci da yaƙi, maroƙa su ƙara masa kirarin wancan a kan nasa, ya gane abin da aka yi.

Wannan duk sauyin masu ƙarfi ne. Na marasa ƙarfi ya fi taɓa ni. Yarabawan da aka kwashe a jiragen bayi zuwa Kyuba da Burazil, mafi yawa a ƙarni na 19 lokacin da daular Oyo take rugujewa, sun tarar da ƙasar da babu halin kiran Shango a fili. Shi Shango tun a gida ya riga ya sauya: ana lissafa shi cikin sarakunan Oyo na farko, mutum ne mai mata da doki, sannan ya gaje aradu daga wani tsohon abin bauta mai suna Jakuta. A Kyuba sai aka laɓe da shi bayan Santa Barbara, waliyyiyar Katolika, budurwa, saboda ana zana ta da jan mayafi da takobi, kuma labarinta ya ce aradu ce ta kashe ubanta da ya fille mata kai. Har yau ranar 4 ga Disamba ana bikin su biyun tare. Jarumi mai mata uku cikin tufafin budurwa. Ogun na ƙarfe ya zama waliyyi Jorji a Riyo, waliyyi Antoniyo a Bahiya, waliyyi Bitrus a Kyuba. Yemoja, wadda a gida ta kogin Ogun ce, da ta ƙetare teku sai ta zama uwar tekun kanta. A gida kuma wani sauyin ya faru daga waje: da aka fassara Baibul zuwa Yarabanci a zamanin Bishop Samuel Ajayi Crowther, aka ɗauki sunan Eshu, ɗan aike mai wayo da rikici, aka ba Shaiɗan. Masu addinin gargajiyar Yarabawa har gobe suna ƙorafi a kan wannan.

Yanzu mu komo gida, inda na fi so mu daɗe.

Kakanninmu iskoki suke cewa. Da Musulunci ya kafu, kalmar aljan ta shigo, sai ƴan bori suka sake shirya duniyar iskokinsu da kayan da suka tarar. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya tarar an raba su gida biyu, farare da babbaƙu, wato musulmin birni da arnan daji. Fremont Besmer, da ya bi makaɗan bori na Kano daga baya, ya rubuta yadda suke bayanin birninsu Jangare mai zaure 12, da sarkinsu Sarkin Aljan Sulemanu, sunan da kowa ya san daga inda aka aro shi. Akwai Malam Alhaji da allonsa da tarin tsufa, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da kyauta, akwai Kuturu, akwai Sarkin Rafi, akwai Barhaza Bafillata. Fada ce sosai, da hakimai da malamai da makaɗa da baƙi. Mutanen da suka tsara wannan sun zana garinsu ne kamar yadda suke ganinsa, kuma duk lokacin da garin ya sauya sai zanen ya bi shi. Har sunan Maguzawa kansa, mafi yawan masana suna ganin daga Majusu ya fito, sunan masu bautar wuta na Farisa, aka yafa wa manoman ƙasar Kano da ba su taɓa jin labarin Farisa ba.

Tarihin Kano ya kawo wani labari da ya juya abin kai ƙasa. Akwai wani abin tsafi na fada mai suna Dirki, naɗe cikin fatu, ana yanka masa shanu. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya gaji da yankan ya sa aka fasa shi da gatari, sai aka tarar da Alƙur'ani a ciki. A Kyuba an ɓoye tsohon abu cikin rigar sabo. A Kano sabon ne aka naɗe cikin fatar tsoho har aka manta abin da ke ciki.

Maƙwabtanmu Zabarmawa da Sanwai sun yi wani abu da ya burge ni. Jean Rouch, wanda ya shafe shekaru yana bin masu holle a gaɓar Kwara, ya rubuta cewa Harakoy Dikko, uwar ruwa, ƴaƴanta kowane da ƙabilarsa: akwai Buzu, akwai Bagurme maharbi, akwai Hausakoy maƙeri, sannan Dongo na aradu wanda aka ce daga Bargu ya zo, ƙasar Baribawa. Dongo da gatarinsa da tsawarsa, Bargu kuwa tana maƙwabtaka da Oyo ta Shango. A nan in mutum ya ce akwai dangantaka, yana da abin riƙewa: aiki ɗaya, makami ɗaya, ƙasa ɗaya kusa da ɗaya, ga kuma bakin masu abin da kansu suna cewa baƙo ne daga kudu. A Arewa, ƙasar Dogon Dutse, ƴan bori Hausawa sun karɓi waɗannan iskoki, suna kuma kiransu Zabarmawa, ba su ɓoye asalinsu ba.

Iskokinmu ma sun yi ƙaura. Bayin da aka ƙetara da su Sahara sun tafi da su, shi ya sa Tremearne, Baturen Ingila da ya fitar da littafinsa kan bori a 1914, a Tunis da Tarabulus ya tattara yawancin bayaninsa, daga bakin Hausawan can. A Tunusiya abin ya zama stambeli. Iskoki irin su Kure suna nan da sunayensu, sai dai an jera su a bayan waliyyai irin su Sidi Sa'ad, a fara kiɗan waliyyi kafin a kai ga na iska. Dabarar Kyuba ce a wata gaɓar teku, ba tare da ɗaya ya ji labarin ɗaya ba.

Amma wanda ya fi duka, a ganina, shi ne wanda ya faru a gaban idon kakanninmu, da takardun Nasara a matsayin shaida. A 1925, a ƙasar Kurfai ta Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu iskoki da ba a taɓa gani ba. Suna ƙamewa kamar soja, suna sara wa juna, suna ba da oda da gurɓataccen Faransanci, suna riƙe wuta ba ta ƙone su. Aka kira su Hauka, wasu su ce Babule. Matasa suka bi ta, suka ƙi biyayya ga sarakunan da Nasara ya naɗa. Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, mutumin tsibirin Korsika, ya sa aka kamo su aka kulle, aka wulaƙanta su. Ba a daɗe ba sai ga sabon iska ya sauka a cikinsu, sunansa Kwamanda Mugu, ana kuma ce masa Korsasi, wato Bakorsike. Mutumin da ya tashi kashe abin ya wayi gari yana ɗaya daga cikin iskokinsa, yana raye, yana cin albashinsa. Ƴan ci-rani suka tafi da Hauka Gwalkwas, Gana ta yau, inda suka ƙara wasu manyan mulkin Ingilishi a kan su Janar Maliya da Kafaran Gardi da Lokotoro. A wajen Akra ne Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a 1954, fim ɗin da hukumar Ingila ta hana nunawa a ƙasar. Masu holle kuma suka samar musu gurbi cikin dangi, suka sa su ƙarƙashin Dongo.

Ga shekara, ga gari, ga sunan matar, ga sunan kwamandan. Ba mu da irin wannan dalla-dallar a kan haihuwar Marduk ko Afrodit. Mu muke da ita, a Filinge, kuma ban tuna an koya mini ita a aji ko sau ɗaya ba.

To ina Inna a cikin duk wannan? Tana da sunaye da yawa, gaskiya ne. Ana ce mata Doguwa, ana ce mata Bafillatana, a ƙasarmu ana rabe Doguwa Fara da Doguwa Baƙa, ana kuma jin Uwar Gona da Uwar Dawa. Amma a dubi sunayen da kyau. Doguwa siffa ce. Bafillatana ƙabila ce. Inna kuwa kalmar gida ce da yaro yake kiran uwarsa ko gwaggonsa, a Hausa da Fillanci. Babu suna na yanka ko ɗaya a ciki, duk sakaye ne. Bahaushe ba ya kama sunan abin da yake jin nauyi ko tsoro. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin na miji, da dare maciji igiyar ƙasa ne. Wadda ake zargi da shanye wa yaro ƙafa, wa zai kira ta gatsau? Sai a lallashe ta a ce Inna. Daga nan muka samu "shan inna", kuma duk sanarwar rigakafin da nake karantawa a rediyo da wannan sunan nake karanta ta, likitoci ma haka suke faɗi, ba wanda ya tuna da wata Doguwa. Vendredi ɗinmu ke nan.

Inanna kuwa ma'anarta uwargijiyar sama, kuma cikin allolin Iraƙi mata ita ce wadda aka fi nesanta da reno da goyo. Kalmar uwa mai kama da "inna" tana ko'ina a duniya don daga bakin jariri take fitowa: Hittiyawa suna cewa anna, Turkawa anne, mutanen Filifin ina. In kamannin sauti hujja ne, to Manila ma Hausa Bakwai ce. Kama da wane ba ta wane. Tsakanin rufe ɗakunan Ishtar na ƙarshe da farkon labarin bori da aka rubuta akwai fiye da shekara dubu, babu faranti irin na Pirgi, babu zango a hanya, babu tauraruwa a cikin al'amarin Inna, babu yaƙi irin na Ishtar.

Don adalci, Baba ba shi kaɗai ba ne. Wani masanin tarihi Bajamushe, Dierk Lange, ya shafe shekaru yana kare ra'ayin cewa sarautun Hausa da Barno suna da tushe a tsohuwar Gabas ta Tsakiya, yana kafa hujja da bukukuwa da jerin sunayen sarakuna. Mafi yawan abokan aikinsa ba su karɓa ba, kuma dalilinsu shi ne irin wanda na kawo. Abin da yake damuna da wannan ɗabi'a tamu ta neman asali a gabas, ko Bagadaza ko Yaman ko Masar, shi ne tana sa mu ɗauka abu ba ya da daraja sai in daga nesa aka kawo shi. Muna can muna auna Inna da Inanna, tsofaffin da suka san kirarin kowace Doguwa da garin da ta fito da gidan da ya gāje ta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a Tsibiri da Dogon Dutse da Adar. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya gane cewa tarihin ƙaura da fatauci da yaƙe-yaƙen ƙasar nan yana cikin jerin sunayen nan, wane iska Bafillace ne, wane Buzu, wane Bazabarme, wane Nasara, kuma a wane zamani kowannensu ya shigo.

Bayan wata biyu na ware shiri guda na faɗi wannan duka, a taƙaice, da labarin Pirgi da na Kwamanda Mugu. Ana buɗe layi, Baba ne na farko.

Ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari. Na Filingen nan ban taɓa jin sa haka ba, ko da yake kakana ya yi ci-rani a Kumasi yana ba mu labarin masu kumfa a baki. Na bar maka Inna."

Na ce, "Na gode, Baba."

Ya ce, "Amma Bayajidda fa? Shi ma jariri ne ya faɗe shi?"

Mai kula da na'ura ya ɗaga mini yatsa biyu ta bayan gilashi, saura minti biyu a haɗa mu da Yamai don labarai. Na ce wa Baba ya riƙe tambayarsa sai Laraba mai zuwa.